Yadda za ka gane ainihin masu karanta shafinka idan an sauya maka allon ƙididdiga

Ka saba kowace safiya ka leƙa wajen ƙididdigar shafinka ka ga mutum nawa suka shigo jiya, wane rubutu aka fi buɗewa, kuma ta ina aka biyo. Sai ka wayi gari an sauya wa wajen fuska. Jadawalin da ka sani ya ɓace, an kawo wani zane mai hawa da sauka, abin da kake gani a kallo ɗaya yanzu sai ka danna sau uku, adadin ma bai yi kama da na makon jiya ba. Haushin da kake ji yana da dalili, balle in da waɗannan alƙaluman kake zama da mai shago a Terminus ko Ahmadu Bello Way a Jos da ke son ka tallata masa kaya. Sai dai allon ba naka ba ne. Na kamfanin da ya ba ka wurin zama ne, kuma zai sake sauya shi ranar da ya ga dama. Lissafin shi ne naka, shi za ka riƙe a hannunka.

Kayan da za ka tanada

Kwamfuta, ko da ta aro ce ko ta shagon intanet, domin aikin rana ta farko. Waya za ta iya, amma akwai maɓallan da ba sa fitowa a ƙaramin allo sai ka umarci burauza ta nuna maka shafin kamar na kwamfuta. Sai asusun Gmail, wanda ya fi dacewa ya zama shi ne ka buɗe shafin da shi. Sai izinin shiga wajen saitin shafin a matsayin mai shi, ba na marubuci kawai ba. Sai jadawalin Google Sheets ko Excel, in babu, littafi mai layi da biro da rula sun wadatar. Ka ware kamar awa biyu a ranar farko, ka tabbata akwai caji da data, bayan nan minti goma a mako ya isa.

1. Kwashe tsoffin alƙaluma kafin komai

Da zarar ka ga an sauya allon, kada ka tsaya neman yadda za a dawo da na da. Wasu dandamali kan bar wani ɗan rubutu a gefe da zai mayar da kai tsohon tsari, amma wannan na ɗan lokaci ne. In ka same shi, yi amfani da shi ka kwashi kayanka.

Zaɓi kowane wata ɗaya bayan ɗaya, ka koma baya gwargwadon abin da allon ya bari, aƙalla wata goma sha biyu. Nemi maɓallin da aka rubuta "Export" ko "Download CSV" ka sauke. In babu shi, ɗauki hoton allon, ka tabbata kwanan watan ya fito a cikin hoton, domin hoton adadi ba kwanan wata bai da amfani bayan wata uku. Ka ajiye a wuri biyu, waya da imel.

Wannan ba tsoro ba ne na banza. Google ya dakatar da tsohon tsarinsa na ƙididdiga, Universal Analytics, daga karɓar sababbin bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023, sannan daga 1 ga Yuli, 2024 ya rufe hanyar ganin tsoffin bayanan ma. Wanda bai sauke nasa ba ya rasa lissafin shekaru. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

2. Gane abin da kowane adadi yake aunawa

A nan mafi yawan ruɗanin yake, don haka a nan za mu daɗe. Duk wanda ya taɓa sayen masara ya san mudu suna ya tara. Wani a cike yake har da tozo, wani an share masa baki. In ka auna buhu ɗaya da mudu biyu daban, za ka ce an yi maka sata alhali hatsinka bai ragu ba. Allon ƙididdiga yana da mudu uku.

Na farko shi ne buɗewa, wanda allon ke kira "Views" ko "Pageviews". Duk lokacin da aka buɗe wani shafi an ƙirga ɗaya, ko da mutum ɗaya ne ya sake loda shi sau biyar saboda network ya tsaya.

Na biyu shi ne ziyara, "Sessions". Shigowa ɗaya ce, komai yawan shafukan da aka buɗe a cikinta. A Google Analytics, wato tsarin ƙididdigar shafuka na Google, in mutum ya yi minti talatin bai taɓa komai ba, ziyararsa ta ƙare, in ya dawo an fara ƙirga sabuwa.

Na uku shi ne maziyarta, "Users" ko "Visitors". Wannan ba mutane yake ƙirgawa ba, burauza yake ƙirgawa. Mutum ɗaya da ya karanta ka a wayarsa ta cikin Facebook, da yamma kuma ya buɗe a Chrome, ya zama mutum biyu. Gida guda da ke karatu a waya ɗaya kuma sun zama mutum ɗaya.

A ce wata baiwar Allah a Bukuru ta buɗe rubutunka kan farashin dankalin turawa da safe, ta wuce zuwa wasu rubutu biyu, bayan la'asar ta dawo ta sake duba farashin. Wannan buɗewa huɗu ne, ziyara biyu, maziyarci ɗaya. In tsohon allo yana sa buɗewa a babban rubutu a sama, sabon kuma ya sa maziyarta, za ka ga huɗu ya koma ɗaya ka ɗauka shafinka ya mutu. Don haka ka karanta sunan da ke kan kowane adadi, ka rubuta shi a gefen alƙalumanka. In akwai ɗan alamar tambaya a kusa da sunan, taɓa ta, yawanci a nan ake bayanin yadda aka ƙirga.

Kuskuren da har waɗanda suka daɗe suke yi: haɗa maziyartan kwana bakwai a ce na mako ne. Ba ya yiwuwa, domin wanda ya zo Litinin ya dawo Laraba za ka ƙirga shi sau biyu. Buɗewa ana iya tarawa, maziyarta kuwa sai ka zaɓi makon gaba ɗaya ka bar allon ya ba ka adadin.

3. Duba kwanaki da agogo

Sabon allo yakan zo da nasa tsawon lokacin. Kana iya sabawa da kwana talatin, shi kuma ya buɗe maka a kan bakwai. Google Analytics yakan fara da kwana ashirin da takwas. Kafin ka yanke hukunci, duba saman allon ka ga daga yaushe zuwa yaushe ake nuna maka.

Kada ka gwada yau da jiya. Yau ba ta ƙare ba, kuma Google da kansa ya ce alƙaluman rana kan ɗauki awa ashirin da huɗu zuwa arba'in da takwas kafin su daidaita. Jan kibiya mai nuna ƙasa da ƙarfe tara na safe ba ta nufin komai. Haka kuma kashi cikin ɗari yana ruɗi in adadin ƙarami ne: daga huɗu zuwa takwas ƙari ne na kashi ɗari, daga takwas zuwa huɗu raguwa ce ta kashi hamsin, alhali mutum huɗu ne kacal ake magana.

Sai agogo. Shiga saitin shafinka ka ga wane lokaci aka sa. Namu shi ne GMT+1, wani wurin za ka ga an rubuta Lagos. In an bar shi a kan lokacin Amurka, masu karanta ka da asuba za a zuba su a lissafin jiya.

4. Kafa mudu na biyu da ba ya hannun dandalin

Muddin ƙididdigar dandalin ce kaɗai gare ka, duk sauyin da suka yi sai ya girgiza ka. Google Analytics 4 kyauta ne, ga yadda ake haɗa shi.

Shiga analytics.google.com da Gmail ɗinka. Buɗe asusu, ka sa sunan shafin. Wajen lokaci zaɓi Nijeriya, wajen kuɗi zaɓi naira. Ka yi wannan daidai tun farko, domin in ka gyara agogon daga baya ba ya komawa ya gyara kwanakin da suka wuce. Da aka tambaye ka inda za a tattara bayanai zaɓi "Web", ka rubuta adireshin shafinka. Za a ba ka lamba mai farawa da G da ɗan layi, sai haruffa da lambobi. Kwafe ta.

In a Blogger kake, je "Settings", a sashen farko akwai gurbin lambar Google Analytics, liƙa ta ka adana. In WordPress ne da kake biyan kuɗin masaukinsa da kanka, saka ƙarin manhajar Site Kit ta Google, ita za ta haɗa komai. In tsarin da kake kai bai yarda a saka ƙarin manhaja ko lamba ba, tsallake wannan mataki ka je na shida, zai rufe maka rabin giɓin.

Gwaji: buɗe shafinka a wata waya, ka koma Analytics ka danna "Realtime", wanda ke nuna minti talatin da suka wuce. Cikin minti ɗaya ko biyu ya kamata ka ga mutum ɗaya. In ba ka gani ba, ko dai lambar ba ta cika ba wajen kwafa, ko kuma burauzar wayar tana toshe masu ƙirga.

Hattara da saka lambar sau biyu. Yakan faru in wanda ya gina maka shafin ya riga ya cusa ta a cikin ƙirar shafin, kai kuma ka ƙara ta a saiti. Alamar ita ce buɗewa ta ninka ba dalili a rana ɗaya. Cire ɗaya.

Kafin ka fita, shiga "Admin", nemi "Data retention". Za ka tarar an sa wata biyu, mayar da shi wata goma sha huɗu. Rahotannin yau da kullum ba su dogara da wannan ba, amma ranar da kake son zurfafa bincike kan bara, sai ka tarar babu komai in ba ka sauya ba.

Kada ka sa ran adadin Analytics ya yi daidai da na dandalin. Kusan kullum na Analytics ne ƙasa. Shi sai ɗan shirinsa ya gama lodi a wayar mai karatu kafin ya ƙirga, don haka wanda network ya yanke masa a hanyar Mangu kafin shafin ya gama buɗewa yana iya kuɓuce masa, haka mai toshe tallace-tallace, haka wasu masu Opera Mini da ke kan tsarin matse data sosai. Ƙididdigar wasu dandamali kuma takan haɗa har da na'urorin da ke yawo suna leƙa shafuka da kansu, waɗanda ba mutane ba ne. In ka ga buɗewa ɗaruruwa cikin dare daga ƙasar da ba ka da mai jin Hausa ko ɗaya da ka sani, duk a kan shafin farko, to su ne. Kada ka danna adireshin baƙon shafin da ka ga wai shi ya turo su, tarko ne.

5. Cire kanka daga lissafi

Mai shafi yakan buɗe rubutunsa sau goma yana duba kuskure. A ƙaramin shafi wannan kaɗai yana kumbura adadi. A Blogger, a ƙasan wajen ƙididdiga akwai inda za ka ce kada a ƙirga naka, amma sai ka yi haka a kowace burauza da kake amfani da ita, kuma in ka share bayanan burauzar sai ka sake. A Site Kit akwai zaɓin cire duk wanda ya shiga a matsayin ma'aikacin shafin.

Analytics yana da hanyar cire mutum ta adireshin IP, wato lambar da ake gane layin intanet ɗinka da ita, amma a nan ba ta cika aiki ba. Mai amfani da datar MTN, Airtel ko Glo adireshinsa yana sauyawa, kuma mutane da yawa kan raba adireshi ɗaya, sai ka je cire kanka ka cire masu karatu. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ware burauza ɗaya mai toshe masu ƙirga, irin Brave, ka riƙa duba shafinka da ita kaɗai.

Wannan batun na IP shi ne kuma ya sa wajen da ke nuna garuruwa yake yaudara. Mutum yana zaune a Anguwan Rogo ko Gangare, allon ya ce yana Legas ko Abuja, domin ta can layinsa ya fita. Ka amince da ƙasa, kada ka amince da gari.

6. Haɗa Search Console

Shiga search.google.com/search-console, ƙara adireshin shafinka, ka tabbatar naka ne ta ɗaya daga hanyoyin da za a ba ka. Mai Blogger da ke kan Gmail ɗaya yawanci ba ya shan wahala a nan. Wannan ba duk maziyarta yake nunawa ba, waɗanda suka biyo ta binciken Google kaɗai: sau nawa shafinka ya bayyana, sau nawa aka danna, da kalmomin da aka rubuta. Yana riƙe wata goma sha shida, kuma yakan yi jinkirin kwana biyu ko makamancin haka. Ka kula da kalmomin da kyau. Mutane da yawa ba sa sa ƙugiya a haruffa in suna nema a waya, "kudi" suke rubutawa ba "kuɗi" ba, kuma wannan zai nuna maka kan labarin da ke jawo su.

7. Sa wa mahaɗan WhatsApp alama

Buɗe rahoton "Traffic acquisition". In ba ka gan shi a gefe ba, rubuta sunan a akwatin nema da ke sama, domin jerin gefen ya bambanta daga asusu zuwa asusu. Za ka ga wani kaso babba an kira shi "Direct", wai mutane da kansu suka rubuta adireshinka. Akasari ba haka ba ne. Wanda ya danna mahaɗi a zauren WhatsApp sau da yawa yakan iso ba tare da shaidar inda ya fito ba, sai a jefa shi nan. Ga shafin Hausa kuwa, WhatsApp na iya zama babbar ƙofa.

Maganin shi ne ka ƙara wutsiya a ƙarshen mahaɗin kafin ka tura:

?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=dankali

Kalmar ƙarshe ka sauya ta da sunan da zai tuna maka rubutun. Rubuta komai da ƙananan haruffa kullum, domin Analytics yana ɗaukar "WhatsApp" da "whatsapp" a matsayin wurare biyu. Kada ka bar fili a ciki. In mahaɗin ya riga yana da alamar tambaya, kamar ?m=1 da Blogger ke maƙalawa in ka kwafo daga waya, ko ka goge ta, ko ka fara wutsiyar da & a maimakon alamar tambaya ta biyu. Ka gwada danna shi da kanka kafin ka watsa. Kuma kada ka sa irin wannan wutsiya a mahaɗan da ke cikin shafinka daga wani rubutu zuwa wani, za ta dagula asalin inda mutum ya fito.

Facebook kuma yakan rabu gida-gida a rahoton: m.facebook.com, l.facebook.com, lm.facebook.com. Duk abu ɗaya ne, haɗa su.

8. Buɗe littafinka

Wannan shi ne matakin da zai raba ka da haushin gaba ɗaya. Ja layi ka yi gurabe bakwai: ranar farkon mako da ta ƙarshe, buɗewa a allon dandali, buɗewa a Analytics, maziyarta a Analytics, dannawa daga Search Console, rubutu uku da aka fi buɗewa, sai gurbin bayani.

Ɗauki mako daga Litinin zuwa Lahadi, amma ka cika littafin ranar Laraba, lokacin alƙaluman sun zauna. Kada ka sauya ranar, kada ka sauya mudun. Gurbin bayani shi ne mutane ke rainawa, kuma shi ya fi amfani. Rubuta rubutu nawa ka fitar a makon, ko an yi kwana biyu ba wuta a unguwanni, ko network ya yi rauni, ko makon Sallah ne, ko azumi ya mayar da karatu zuwa bayan tarawihi da lokacin sahur, ko wani babban zaure ya yaɗa rubutunka. Ranar da aka sauya allo, ja layi mai kauri ka rubuta "an sauya allo". Duk abin da ke saman layin kada ka gwada shi kai tsaye da na ƙasa sai ka tabbatar ma'aunin bai sauya ba.

Bayan mako huɗu, raba adadin dandali da na Analytics a kowane mako. A ce dandali ya ba ka 3,000, Analytics ya ba ka 2,000, wato ɗaya da rabi. In makonnin duk suna kusa da haka, ka san tazarar da ke tsakanin mudunka biyu. Ranar da tazarar ta yi tsalle, ma'auni ne ya motsa, ba masu karatu ba.

9. In adadi ya faɗi, bi wannan tsari

Fara da kwanakin da aka zaɓa da sunan adadin. In suna daidai, duba ko duka biyun ne suka faɗi. Na dandali kaɗai ya faɗi, sun sauya yadda suke ƙirga, wataƙila sun fara tace na'urori. Na Analytics kaɗai ya faɗi ƙasa warwas, lambarka ta fita, abin da kan faru in an sauya ƙirar shafi ko an cire wata manhaja. Duka biyun sun faɗi, to da gaske ne, sai ka duba ta wace ƙofa aka ragu. In ta Google ce, Search Console zai nuna maka wane rubutu ne ya sauka. In ta Facebook ko WhatsApp ce, duba ko ka rage turawa. Ka kuma buɗe shafin da datar waya, ba da intanet ɗin ofis ba, ka ga daƙiƙa nawa yake ɗauka. Hoto ɗaya mai nauyin megabait uku a saman rubutu ya isa ya kori mai ƙaramar data.

Idan mai talla ya nemi alƙaluma, ba shi na Analytics na cikakken watan da ya ƙare, maziyarta da buɗewa kowanne da sunansa, a hoton da kwanan wata ya fito. Kada ka ba shi adadin dandali don ya fi girma. Zai sa tallarsa, ya ga mutanen da suka kira shi ba su kai abin da ya zata ba, kuma a gari irin Jos 'yan kasuwa sun san juna. In ya ce yana son gani da idonsa, shiga "Admin", wajen ba da izini, ka ƙara imel ɗinsa a matsayin "Viewer", wanda zai iya kallo amma ba zai iya taɓa saiti ba. Kada ka ba shi kalmar sirrin Gmail ɗinka, kuma ka cire imel ɗin nasa ranar da yarjejeniyar ta ƙare.